Malam Ya Sayi Kyamara

A shekarar 2003 wani matashi Ba'amurke mai suna Jon Oringer ya sayi kyamara ƙirar Canon, ya shiga ɗaukar duk abin da idonsa ya faɗa a kai, har ya tara hotuna wajen 30,000. Ya zuba su a intanet, ya ce duk mai so ya biya kuɗin wata ya ɗiba. Asalin kamfanin Shutterstock ke nan. Shekara goma bayan haka sunan Oringer ya shiga sahun masu dala biliyan.

Labarin gaskiya ne, babu ƙari. Inda aka samu matsala shi ne yadda ya iso unguwarmu. Ta wayar wani ɗan jami'a ya shigo, ya faɗa kunnen mahaifinsa, maƙwabcina, tsohon hedimasta, a daidai lokacin da aka biya shi giratutinsa bayan jiran da har ya fara fitar da rai. Malam ya ji farkon labarin, ya ji ƙarshensa, bai tsaya jin tsakiya ba. A tsakiyar kuwa aka ce ba da hotunansa Oringer ya yi arziki ba, da hotunan dubban mutanen da suka riƙa kawo masa nasu ya yi, yana cire kasonsa.

Ga wanda bai san harkar ba, ba ta da wuyar ganewa. Jaridu da bankuna da masu tallar magani da masu buga littattafan makaranta kullum cikin neman hoto suke, kuma ba kowa ke da halin ɗauko mai hoto ya biya shi ba. Sai su shiga wani rumbu a intanet mai ɗauke da miliyoyin hotuna, su zaɓi wanda ya yi musu, su biya kuɗin izinin amfani da shi. Hoton yana nan na mai shi, gobe wani ya sake biya. Abin ya yi kama da hayar kujerun biki: kujera ɗaya, yau gidan suna, gobe ɗaurin aure, jibi zaman makoki. A da manyan kamfanoni irin su Getty Images, wanda aka kafa a 1995, su ke riƙe da kasuwar, hoto ɗaya ya ci ɗaruruwan daloli, kuma sai ƙwararre ke shiga. Wani ɗan Kanada, Bruce Livingstone, shi ya karya farashi da ya buɗe iStockphoto a 2000 ya bar ƙofa a buɗe ga kowa. A 2006 Getty ya saye shi a kan dala miliyan 50. A ƙarshen 2014 Adobe ya sanar da sayen Fotolia a kan dala miliyan 800. Kuɗi dai akwai su a harkar. Aljihun da suke faɗawa ne abin tambaya, Malam kuwa bai yi tambayar ba.

Ranar shiga kasuwa ya aiko a kira ni. "Maƙwabci, zo ka raka ni, ido biyu ya fi ɗaya."

Ɗan nasa ya riga ya rubuta masa abin da zai saya a takarda: ƙaramar kyamara ta hannu mai lafiya, da ɗan gilashi mai milimita 50, irin wanda ke buɗewa sosai ya sha haske. Shawara ce ta hankali. Wannan gilashi yana cikin mafiya araha a wurin kowane kamfani, kuma yana fitar da hoto tas ko a ɗaki mai duhu-duhu. Manyan rumbunan hotunan nan, Shutterstock da Adobe Stock, megafiksel 4 kawai suke nema a matsayin mafi ƙanƙanta, abin da wayar da ke aljihun Malam ta ninka tun tuni.

Mai shago ya tarbe mu da fara'a. "Sannu da zuwa, Alhaji. Wace iri za a ba ka?"

Malam bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba. "Wadda ta fi kowace girma, ɗan nan."

Na miƙa takardar. Mai shago ya ɗauko ɗan gilashin ya ɗora a tafin hannun Malam. Gogan naka ya juya shi, ya auna nauyinsa, ya mayar. "Wannan ai ko yaran unguwa ba za su matsa mini hanya ba idan na rataya shi."

A nan ya kamata a yi wa kasuwar gwanjo adalci. Tun da Sony ya fito da a7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da manyan kyamarorinsu marasa madubi a 2018, masu hoto a Turai da Amurka suka shiga rabuwa da tsofaffin kyamarorinsu masu madubi a ciki. Su ne suke gangarowa kasuwanninmu, kuma da yawansu garau suke, mai ƙaramin ƙarfi zai ci moriyarsu shekara da shekaru. Sai dai kyamara tana da ƙidayar da ba ta ɓoyuwa. Duk ɗauka ɗaya, ɗan labulen da ke cikinta yana buɗewa ya rufe, kuma ana ƙera na ƙananan kyamarori ne don ya jure wajen sau 100,000. Mai saye da ya san abin da yake yi sai ya duba wannan ƙidaya kafin ya taya. Da na yi zancen, mai shago ya dafa ƙirji. "Haba Alhaji! Baturen da ke da ita hoton jikokinsa kawai yake ɗauka." Daga baya da ɗan Malam ya duba, ya ce lallai Baturen nan Allah ya yi masa baiwar jikoki.

Aka yi ciniki, aka sallama gangar jikin Canon, ƙatuwa, baƙa wuluk. Gilashi kuwa Malam ya ce sai mun zagaya, ba a sayen kaya duka a hannun mutum ɗaya. A wani shago can ciki ya hango abin da ransa ke so, wani dogon gilashi mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300, wanda idan aka murɗa shi yake ƙara tsawo. Bai tambayi na wane kamfani ba ne, mai shagon ma bai ga dalilin tayar da zancen ba.

Bayan la'asar sai ga yaro, wai in zo da sauri. Na tarar da Malam a tabarma, gumi ya jiƙa masa riga, kyamara a cinya, gilashi a hannu. Ya yi bisimilla ya murɗa dama, ya ƙi. Ya murɗa hagu, ya ƙi. Matarsa Hajiya ta leƙo daga madafa ta ce ko a kawo ɗan man gyaɗa. Gilashin na Nikon ne. Bakin da Nikon ke ɗaura gilashinsa a kai tun 1959 yake, na Canon ɗin nan kuma an fito da shi a 1987, kuma ba a yi su don su haɗu ba. Mai shagon farko ya ce laifin na biyu ne, na biyu ya ce kayan da aka saya ba a mayarwa, amma akwai wani zobe da ke haɗa su. Zoben ya haɗa su kuwa, sai dai daga ranar kyamarar ta daina daidaita hoto da kanta, sai Malam ya murɗa da hannu, da idon da ya yi shekara talatin da wani abu yana duba rubutun yara.

Fitarsa ta farko Dutsen Dala ya nufa, kuma yana da hujja. Ɗansa ya ba shi labarin Charles O'Rear, wanda ya tsayar da mota a 1996 a gundumar Sonoma ta Kalifoniya ya ɗauki wani tudu mai koriyar ciyawa, ya ajiye hoton a irin wannan rumbu, Microsoft ya saye shi ya sa a fuskar Windows XP. Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta a wancan zamani ya ga tudun nan. Malam ya ce in tudu ake nema, mu ma muna da shi, namu ma har da tarihi.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta sauko har ba a hango Goron Dutse sosai. Duk mai hoto a arewa ya san ba a kwance gilashi a fili a irin wannan yanayi, domin ƙurar da ta shiga tana ƙarewa ne a kan farantin da ke kama haske. Malam kuwa hedimasta ne, ba ya ganin yara sun kewaye shi ya ƙi koyarwa. A can saman dutsen ya kwance gilashin ya nuna musu madubin da ke ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kowa ya leƙa, sannan ya hure cikin da baki ya mayar.

Da daddare ya kira ni kallon hotuna a kwamfutar ɗansa. Ya nuna mini wasu shirwa uku a sararin sama, ya ce dubi yadda suka jeru, wannan kaɗai ya isa Bature ya biya. Hoto na gaba ma suna nan. Na gaba ma haka, a wuri ɗaya, ba su ko motsa ba. Muka zo kan hoton da ya ɗauka a falo, sai ga shirwa uku a jikin bango, sama da kalanda.

Duk da haka ya ɗora su. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin ba su yi masa komai ba face aikinsu. Kowane rumbu yana da masu dubawa, mutane da na'ura, da ke buɗe hoto zuwa cikakken girmansa su bi shi lungu-lungu. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya, a nan asirinsa ke tonuwa. Amsa ta dawo, an ƙi su duka, kowanne da dalilinsa a gajarce: ƙura a faranti, hoto bai daidaitu ba, tsaki-tsaki ya yi yawa saboda ƙarancin haske. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana wa yara sifili da jan biro, yau ga wani da bai san fuskarsa ba ya zana masa, babu ko gaisuwa. Ya ce wa ɗansa ya nemo masa lambar wayar mai dubawar, yana so ya ji a wace makaranta ya yi karatu.

Aka kai kyamara wurin mai gyara ya goge farantin. Shirwa suka tashi.

Da Sallah ta matso Malam ya ce yanzu za a yi ta, domin zai kai musu abin da ba su da shi. A wannan kam yana da gaskiya. Hawan Sallah na Kano abin kallo ne da duniya ta sani, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a Disambar 2024. Ranar Hawan Daushe ya yi sammako ya kama wuri a wajen Ƙofar Kudu, gilashi a miƙe har ƙarshe. Abin da ba a gaya masa ba shi ne dogon gilashi yana zuƙo rawar hannu kamar yadda yake zuƙo doki. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: a milimita 300, dole ɗaukar ta yi saurin kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa ko fiye, in dai da hannu aka riƙe. Ga dawaki a guje, ga turereniya, ga Malam yana murɗa zobe yana neman inda hoto zai daidaitu. Ya samu wutsiyar doki da yawa. Ya samu ƙeyar wani mai hula zanna da ya tsaya a gabansa, ta fito tas har ana ƙirga zaren. Da 'yan bindiga suka saki wuta, ya samu sararin sama.

Amma cikin tarin akwai 'yan kaɗan da suka fito da kyau na gaske, musamman wani barde cikin lifidi, rana ta bugi kwalkwalinsa. Ni kaina na yaba. Aka ɗora, aka ƙi. Wannan karon ba a ce hoton yana da aibi ba, takarda aka nema. Duk hoton da za a sayar don talla, in akwai fuskar da za a iya ganewa a ciki, sai mai fuskar ya sa hannu a takardar amincewa, da sunansa da kwanan wata, wasu kamfanonin har da mai shaida. In yaro ne, iyayensa za su sa.

Wani zai haƙura a nan. Malam ya buga takardun ya sa a jaka, ya bi cigiya har ya gano gidan da barden yake. Ya same shi a ƙofar gida ana wanke doki.

"Ranka ya daɗe, ɗan sa hannu za ka yi mini a nan, da nan."

"Takardar mece ce, Malam?"

"Ta yarda ce, a yi talla da fuskarka a ƙasashen waje."

"Tallar me?"

"To, duk abin da ya samu."

Malam bai taɓa ba ni ƙarashen hirar ba. Na dai ga ya dawo da wuri, kuma tun daga ranar ba ya bin ta wannan layin.

Sai bayan haka ɗan nasa ya tuna masa, cikin ladabi, cewa akwai ƙofa ta biyu. Ana iya ɗora hoto a matsayin na labarai, a rubuta gari da kwanan wata da abin da ke faruwa, ba a buƙatar sa hannun kowa. Sharaɗin shi ne ba za a yi talla da shi ba, sai jarida ko littafi ko makamancinsu. Ta nan barde ya shiga rumbu, ya tarar da hotunan hawa na ƙwararru jibge suna jiran mai saye, ya bi layi.

Kasuwar Kurmi ma ba ta yi masa daɗi ba. Hoton talla ba ya ɗaukar tambarin kowane kamfani, kasuwarmu kuwa tambari ce tun daga ƙofa: lemar kamfanin waya a kan mai goro, gwangwanin madara a teburin mai shayi, rigar ƙungiyar ƙwallon Turai a jikin ɗan dako. Ƙa'idar ba mu kaɗai ta shafa ba. Hasumiyar Eiffel ta Faransa kowa na iya sayar da hotonta da rana, amma fitilun da ake ƙawata ta da su da dare suna da masu haƙƙi. Malam ya koyi goge tambari a kwamfuta, aikin da ke cin dare, kuma sau da yawa yana dab da gamawa ake ɗauke wuta.

Da ya ga baƙi ba sa sa hannu, sai ya juyo gida. Hajiya ta ce ko da wasa. Ya je wurin mahaifiyarsa da takarda da biro, Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Hoton nawa za ka kai wa Nasara? Me na yi musu?" Yara kuwa an yi, amma ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Saura maƙwabci.

Haƙƙin maƙwabtaka abu ne mai nauyi, kuma Malam ya san ayoyi da hadisansa. Ranar wata Asabar na tsinci kaina a falonsa cikin babbar rigata ta Juma'a, kwamfuta a gabana a mace babu caji, kofi a hannuna babu shayi. Wai ni ɗan kasuwar Afirka ne na zamani. "Maƙwabci, yi dariyar wanda ciniki ya faɗa masa." Na yi. "A'a, wannan ta wanda ake bi bashi ce. Sake." Ya murɗa zobe, ya matsa baya, ya ƙara matsawa, domin da gilashin nan ba a ɗaukar mutum a ɗaki sai an fita. A ƙarshe daga tsakar gida ya ɗauke ni ta taga, yana ɗaga murya yana ba ni umarni, kaji suna ratsawa ta ƙafafunsa. Na sa hannu, ɗansa ya yi shaida.

Tawada ba ta bushe ba yaron ya ce, "Baba, kun san labarin András Arató kuwa?" Wani injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Hangari, dattijo mai farin gemu, da ya yarda aka ɗauke shi irin wannan hoto, kofi a hannu, kwamfuta a gaba. Murmushinsa ya fito tamkar na mai ɓoye ciwo, matasan intanet suka ɗauke shi suka mayar abin barkwanci a duniya baki ɗaya. Da farko abin ya dame shi, daga baya ya rungumi ƙaddara har ya zama tauraron talla. Yaron ya nuna mini hoton. Zamansa da nawa babu bambanci, har riƙon kofin.

Dokokin kamfanonin sun hana mai saye amfani da fuskar mutum ta hanyar ɓatanci. Amma wa zai bi mini kadi a wata ƙasa? Na yi kwanaki ina hango fuskata a jikin motar masu maganin basir, lasifika na tashi, surukaina suna wucewa. Ƙari a kan haka, sai da na ga kalmomin da Malam ya rubuta a ƙarƙashin hoton. Kowane hoto ana bin sa da kalmomin nema, da Turanci, har kusan 50, domin da su mai saye ke gano shi, kuma wanda bai iya zaɓarsu ba hotonsa ya nutse ke nan. A cikin nawa akwai tsoho, akwai mai tumbi, akwai mai ritaya. Malam ya girme ni da shekaru masu yawa. Har yau babu wanda ya sayi hoton ko sau ɗaya, na rasa ko hamdala zan yi ko haushi zan ji.

Ciniki na farko da dare ya faɗa. Na ji ana dukan ƙofa, na fito da tocila a tsorace, sai ga Malam ba hula, waya a hannu. "Maƙwabci, an saya! An saya!" Kafin mu zauna ya riga ya yi wa Hajiya alkawarin atamfa, ya yi wa masallaci alkawarin fanka. Aka taso ɗan jami'a daga barci ya duba. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Baba, senti 25 ne."

"Dala 25?"

"Senti, Baba. Kwatan dala ɗaya."

Ko an yi lissafi da dala a kan naira 1,500, abin bai kai naira 400 ba. Kuma ba zaluntarsa aka yi ba, haka kasuwar take. Yawancin masu saye kuɗin wata suke biya su sauke hotuna da yawa, don haka abin da ke faɗowa kan hoto ɗaya kaɗan ne, a cikin kaɗan ɗin kuma kamfani ke ɗaukar babban kaso. Adobe Stock yana ba mai hoto kashi 33 cikin ɗari. Shutterstock ya sauya tsari a tsakiyar 2020, ya koma biyan kashi 15 zuwa 40 gwargwadon yawan cinikin mutum, mafi ƙanƙantar biya senti 10, kuma duk watan Janairu kowa ya koma matakin farko. Masu hoto a ƙasashe da dama sun yi ta ƙorafi a lokacin, wasu suka kwashe kayansu.

Tsugune ba ta ƙare ba. Akwai takardar harajin Amurka, W-8BEN, da duk baƙo ke cikawa, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, duk cinikin da ya fito daga mai saye na can ana cire kashi 30. Sannan ba a turo kuɗi sai sun taru, a Adobe Stock dala 25, a wasu wuraren fiye da haka. Da irin cinikin Malam, sai an saya sau 100 kafin ya ga ko sisi. In sun taru ma sai an nemi hanyar da za su iso, domin tun da PayPal ya shigo Najeriya a 2014 an yi shekaru ana iya biya da shi amma ba a iya karɓa, shi ya sa masu wannan harka a nan suka fi dogara da Payoneer.

Malam ya yi shiru yana jin wannan duka. Can ya ce, "To wanne aka saya? Barden ne ko Dala?"

Ba ko ɗaya. Dabino ne guda bakwai a farin faranti, a kan tabarma, wanda yaron ya ɗauka da wayarsa a bakin taga ranar da suke gwada ko rajistar ta yi.

A ganina, a nan ne kaɗai kasuwar ta yi wa Malam magana a fili. Mai sayen irin wannan hoto ba mai neman abin rataya a falo ba ne. Ma'aikaci ne a wani ofis da aka ce ya haɗa gaisuwar azumi kafin a tashi aiki, yana son dabino, haske mai kyau, da fili a gefe inda zai rubuta saƙonsa. Ba fuska, ba tambari, ba takarda. Kuma yana nema ne tun azumi bai zo ba, don haka mai hankali watanni kafin lokaci yake ɗorawa. Wanda ya taɓa neman hoton Afirka a rumbunan nan ya san zakuna da raƙuman dawa da faɗuwar rana sun yi yawa. Abin da ke wahalar samu shi ne rayuwar yau da kullum yadda take: masa a tanda, aya a mudu, hannun mai saƙar hula, zoɓo a kofin gilashi. Ƙofar ma tana ƙara tsukewa. Tun Disambar 2022 Adobe Stock ke karɓar hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira da kanta, a 2023 Getty ya maka kamfanin Stability AI a kotu kan zargin horar da na'urarsa da hotunan rumbunsa, a Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa a cinikin da aka ƙiyasta a kan dala biliyan 3.7. Manya ma neman mafaka suke.

Malam dai bai karaya ba, ya sauya akala. Ya koma kasuwa shi kaɗai, ba tare da ya aiko a kira ni ba, ya sayo ɗan gilashin nan da ya raina. Dogon kuwa ya samu aiki biyu: duban wata a daren talatin, da hango ko an kawo wuta a unguwar da ke gaba da mu.

Wanda ya shiga uku yanzu shi ne gidan. Ba a cin abinci sai an ɗauke shi hoto. Tuwo ya sauka, Malam ya ce a dakata, a kai bakin taga, a sauya kwano, a goge gefen da miya ta ɓata, a juyo da naman gaba. Yara suna zaune da cokula suna haɗiyar yawu har man miya ya daskare. Ya hana a soya ƙosai da asuba, wai hasken bai yi ba sai hantsi. Ciniki kuwa yana ɗigowa, yau zoɓo, bayan kwana da kwanaki dambu, kuma duk wanda ya faɗo sai an sanar da ni.

Ran nan aka sake aiko yaro, amma wannan karon Hajiya ce ke kira. Na tarar da ita a bayan labule, Malam a kujera fuska a murtuke, ɗan jami'a a tsaye da takarda. Bayan gaisuwa ta ce ta sa an yi mata bayanin yadda kamfanonin nan ke rabo, kuma tsarin ya yi mata. Ita ke cefane, ita ke girki, kwanukan nata ne na gara, tagar ma ta ɗakinta ce. Saboda haka daga yau mai hoto yana da kashi 33, mai madafa tana da sauran.

"Hajiya, kuɗin fa ba su ma iso ba," in ji Malam.

"Ai shi ya sa nake so a rubuta tun yanzu, Malam. In ba haka ba, gobe a ɗauki hoton tukunya."

Yaron ya miƙo mini biro, ya nuna mini wurin mai shaida. Malam ya kafe ni da ido, ƙamshin miyar taushe kuma yana tasowa daga madafa. Na sa hannu.